Adassa Mai Sauraron Faifai

A masana'antar faifan garmaho ta Mista Yap, can bayan tashar jirgin ƙasa ta Kingston, akwai wani ɗan ɗaki da ko tabarma biyu ba zai ci ba. Babu taga. Kujera ɗaya ce a ciki, da tebur, da garmaho, da igiyar ƙararrawa a rataye kusa da ƙofa. A nan Adassa Tulloch ta yi shekara talatin tana sauraron waƙoƙin mutane.

Ba don wannan aikin aka ɗauke ta ba. Daga wani ƙauye na lardin St. Elizabeth ta zo a 1961, tana da shekara goma sha tara, riƙe da akwatin kwali da adireshin goggonta a unguwar Jones Town. Da ta isa gidan sai ta tarar goggon ta hau jirgin ruwa zuwa Ingila tun wata biyu da suka wuce. Wadda ta gaji ɗakin, wata mai soya kifi da ake kira Mis Pearline, ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "To, ki tsaya nan kina kuka har kaji su raina ki, ko ki shigo ki taya ni fere doya?" Adassa ta shiga. Mis Pearline ce ta samo mata ɗan ɗaki a gidan, ita ce kuma ta kai ta wurin Mista Yap, wanda yake sayen kifinta kowace Juma'a.

Aikinta na farko shi ne zura faifai a jakar takarda. Injin yana matse baƙar roba mai zafi tsakanin farantan ƙarfe biyu, faifai ya fito, a yanke gefensa, ya huce, ya iso hannun mata shida da ke jere a dogon tebur. Lokacin kiɗan ska yana tashe. Duk abin da aka buga da safe, kafin la'asar masu kekuna sun kwashe shi zuwa shagunan Orange Street.

Wata rana aka ɗora wani sabon faifai a garmahon ofis don ma'aikata su ji. Mata suna ta kaɗa kafaɗa, sai Adassa ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, "Wannan yana da ƙas."

"Yana da me?" in ji shugaban ma'aikata.

"Ƙas. Bayan mai waƙar ya yi shiru na biyu. Kamar an taka busasshen wake."

Aka yi mata dariya, aka ce 'yar ƙauye ta zo da kunnen jaki. Mista Yap ne kawai bai yi dariya ba. Ya mayar da allurar baya, ya kara kunne, ya sake mayarwa. Sai ya tashi da gudu ya tsayar da injin. Farantin ƙarfen ne ya tsage, tsagewar da ido ba ya gani, kuma an riga an buga ɗari uku da shi. Kafin shekara ta zagayo ya sa an share ɗakin ajiyar tsintsiya, ya sa mata kujera a ciki.

Ga yadda aikin yake. Cikin kowane faifai hamsin za a kawo mata ɗaya. Ta saurare shi daga farko har ƙarshe, ta juya bayansa ta saurara. In ta ji abin da bai kamata ba, ta ja igiya, injin ya tsaya. Waƙa ɗaya takan ji ta sau arba'in a yini.

"Ke kam kin more," in ji Mis Pearline. "Mu muna shan hayaƙi, ke an zaunar da ke kina shan kiɗa."

"Ni ban san kiɗan ba, Mis Pearline. Datti nake nema a ƙarƙashinsa."

Gaskiya ta faɗa. Da za a tambaye ta abin da mawaƙin yake cewa, ba lallai ta sani ba. Amma ta san ƙarar kujerar mai ganga a ɗakin ɗaukar sauti, ta san mai fiyanon da yake buga ƙafa, ta san ranar da aka yi ruwan sama a kan rufin kwano. Akwai kuma wani ɗan siririn fito da yake zuwa dab da a busa dogon ƙahon nan mai zugewa. Sau biyu tana jan igiya saboda shi, ana duba faranti ba a ga komai ba.

Sunan makaɗa ba ya hawa faifai a wancan zamani, sai na mawaƙi da na mai kamfani. Duk da haka sukan biyo ta masana'anta ran Juma'a su ga abin da aka buga. Wata Juma'a wani dogon saurayi mai karkataccen hanci ya ƙwanƙwasa ƙofarta, hula a hannu.

"Mis, an ce nan ne kaɗai garmaho mai kyau yake. Don Allah ki ɗan sa mini wannan in ji. Ni na busa ƙaho a ciki."

Ya ja numfashi zai ƙara magana, sai hancinsa ya yi fito. Adassa ta miƙe tsaye.

"Ashe kai ne! Kai ne ka sa na tsayar da injin sau biyu, Mista Yap yana harara ta!"

"Ni? Me na yi?"

"Hancinka. Yana cikin faifai goma sha huɗu."

Ya shafa hancin, ya yi dariya har ya dafa bango. Ƙwallon kurket ce ta fasa shi yana yaro. Ya ce ko mai ɗaukar sautin bai taɓa lura ba. Sunansa Linval Pinnock.

Shekara huɗu suka yi tare a ɗakinta na Jones Town. Ba a ɗaura aure ba, sun ce sai sun sami gidan da ba sai an yi layi a famfo ba. Da rana yakan cusa tsohuwar safa a bakin ƙahon ya yi ta gwaji, Mis Pearline tana ɗaga murya daga murhu: "Mas Linval, saniyar nan taka ba za ta haihu ta huta ba?" Ran Lahadi Adassa ta dafa shinkafa da wake da madarar kwakwa, shi ya yanka kaza in akwai. Ya yi ƙoƙarin kai ta wurin rawa sau uku. Ta tsaya jikin katanga tana yamutsa fuska, don ta ji ɗaya daga cikin manyan lasifikokin ya yage. Ya haƙura. A shekara ta uku ta sami ciki, ya zube a wata na biyar. Linval ya yi sati bai taɓa ƙahon ba. Ba su sake zancen ba.

Sai kiɗa ya canza. A 1966 aka rage masa gudu, aka sa masa suna rokstedi. Jita mai kaurin murya ta dawo gaba, samari uku uku suna haɗa murya suna waƙar soyayya, masu ƙaho kuma aka fara mantawa da su. Adassa ta riga kowa sani, don faifai goma za su wuce ta ɗakinta ba ta ji fiton hancin nan ba. Linval yakan goge takalmi da safe ya je ya tsaya ƙofar ɗakin ɗaukar sauti tare da sauran, a fito a kira mutum huɗu, a bar shi a ƙarƙashin bishiyar mangwaro.

Da wata ƙungiyar makaɗa ta sami gayyata zuwa Ingila, ta ce tana son mai ƙaho, bai yi dogon tunani ba.

"Wata shida ne, Dassa. In na ga wuri sai in aiko miki da tikiti."

"Ka sayi rigar sanyi tun kafin ka sauka. Ƙirjinka ba shi da ƙwari."

"Shi ke nan abin da za ki ce?"

"To me zan ce? In ce kar ka tafi, ka zauna kana ƙirga ganyen mangwaro?"

Wasiƙa biyar ya aiko. Ita ta rubuta ta fi ashirin. Bayan shekara biyu, wani mai busa da suka tafi tare ya dawo. Ya tare ta a ƙofar masana'anta lokacin abincin rana, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce ƙungiyar ta watse tun wata na huɗu, Linval yana Birmingham, ya auri wata ma'aikaciyar asibiti. Adassa ta ce ta gode. Ta nannaɗe sauran burodinta a takarda, ta koma ɗakinta. An tara mata faifai shida. Ta saurare su duka, gaba da baya, ta ja igiya a kan na biyar.

Wani dattijon coci da matarsa ta rasu ya neme ta. Mutumin kirki ne, yana da shagon gyaran takalma. Ta bar shi yana rako ta gida daga coci har wata uku, sannan ta ce masa ya yi haƙuri. Mis Pearline ta kusa cinye ta ɗanye.

"Jiran wa kike yi? Mai hancin can yana can yana ƙiba da dankali!"

"Ba jira nake ba. Na saba da shiru ne in na dawo gida. Shi kuwa bawan Allah ba ya gajiya da magana."

Kiɗan rege ya zo, ya cika gari, har ya ƙetare teku. Masana'anta ta ƙara injin na biyu. Sai a 1974 man fetur ya yi tsada a duniya, robar faifai ta yi wuyar samu. Mista Yap ya tara ma'aikata ya buɗe ɗakin ajiya na baya. Kwalaye ne har rufi, tsofaffin faifan ska da ba a sayar ba. Ya ce za a niƙe su a narka, a buga sababbi. Kowa zai sa hannu.

Kwana tara aka yi ana wannan aiki. A fasa tsakiyar faifai inda takarda take, a jefa sauran a injin niƙa. Adassa tana zaune cikin mata, guduma a hannu. Ba ta bukatar karanta takardar, daga launinta ta san abin da ke ciki. A rana ta uku ta ajiye guduma, ta tsinci faifai goma sha ɗaya cikin waɗanda Linval ya busa ƙaho a ciki, ta shiga ofis ta ɗora su a tebur.

"Mista Yap, ina son waɗannan."

Ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Ya san labarin, kowa ya sani.

"Kina da garmaho a gida?"

"A'a."

"To me za ki yi da su?"

"Ba zan fasa su ba dai."

Ya tura mata su. Sauran ukun ba ta gan su ba, wataƙila wata ta riga ta fasa. Ta zuba goma sha ɗayan a gwangwanin biskit ta tura ƙarƙashin gado.

Abin da ya fi yi mata ciwo ya zo bayan haka. Faifan da aka buga da tsohuwar roba duk suna shuu kamar ana soya ƙwai, wani har da guntun takarda a jikinsa. Ranar farko ta ja igiya sau goma sha bakwai. Da yamma Mista Yap ya leƙo da kansa, ya tsaya bakin ƙofa don ɗakin ba zai ci su biyu ba.

"Adassa, ki daina. Duka haka suke, kuma haka za su ci gaba. In allura ba ta yi tsalle ba, ki bar shi ya wuce."

"To me amfanina a nan?"

"Ki zauna dai. Wata rana roba mai kyau za ta dawo."

Ta dawo ɗin, amma ba kamar da ba, kuma masu saye sun riga sun saba. Adassa ta ci gaba da zama. Wani lokaci sati zai wuce ba ta taɓa igiyar ba.

Mis Pearline ta tafi New York wurin ɗanta a 1984, tana kuka tana zagin jirgin sama. Ta rasu a can a lokacin sanyi na shekararta ta biyu. Waɗanda suka cika gidan bayanta matasa ne, suna gaishe da Adassa da ladabi, "Barka da asuba, Mis Dassa," su wuce. Mista Yap ya rasu, 'ya'yansa da ke Toronto suka zo suka rufe masana'antar a 1992, don mutane sun koma kaset. Adassa ta koma sharar coci da kiwon kaji shida a bayan ɗaki. Kunnenta na hagu ya toshe gaba ɗaya, na dama kuma ya fara ja da baya. Ba ta gaya wa kowa ba. In an yi mata magana sai ta juya kai ta yi murmushi.

A watan Maris na 2003, tana wanke kwanuka a famfo da hantsi, wata mata ta shigo gidan da jaka a kafaɗa da takarda a hannu. Doguwa ce, ba ta wuce talatin da 'yan kai ba, maganarta irin ta mutanen Ingila.

"Don Allah ina neman Mis Adassa Tulloch. Ban sani ba ko tana nan har yanzu."

Adassa ta dube ta. Goshin da dogon wuyan sun ishe ta.

"Ke 'yar Linval ce."

"E. Sunana Paulette. Ya rasu a watan Nuwamba."

Adassa ta kashe famfo, ta goge hannu a zani, ta ce su shiga ciki. Ta haɗa mata shayin ganye. Paulette ta ce shekara ashirin da takwas babanta ya yi yana tuƙa bas. Da suna kwashe kayansa suka ga wata tsohuwar jaka, a ciki akwai wasiƙun Adassa ɗaure da igiyar takalmi, da hotonsa yana saurayi riƙe da ƙaho.

"Anti, ban taɓa sanin yana busa komai ba. Mahaifiyata ta ce ya sayar da ƙahon kafin a haife ni. A gidanmu in ya kunna rediyo, kurket ne kawai. Na tambayi masu sayar da tsofaffin faifai a can, sun ce ba su ga sunansa a ko'ina ba."

"Ba za su gani ba. Ɗaga ƙafarki."

Ta jawo gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gado.

Da yake babu garmaho a gidan, sai suka hau bas zuwa Orange Street. Shaguna biyu ko uku ne suka rage. Suka shiga na wani tsoho mai furfurar gemu, inda wasu 'yan Japan biyu suke ta tonon kwalaye. Da Adassa ta buɗe gwangwanin, tsohon ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Uwata, daga wane kabari kika tono waɗannan? Allura ba ta taɓa hawa kansu ba! Ki faɗi abin da kike so."

"Aron garmahonka nake so, na minti goma. Kuma ka goge allurar nan, daga nan ina ganin ƙura."

Ya goge, yana dariya. Ya ba Paulette abin sauraro na sawa a kunne, ya kuma buɗe lasifika kaɗan saboda Adassa. Kiɗa ya tashi, 'yan Japan suka bar tonon kwali suka matso. Adassa ta karkata kunnen dama. Tana jin ganga, tana jin fiyano sama-sama, ga ƙarar motoci a titi. Fiton ba ta ji shi ba. Ta gane ba za ta sake jin shi ba. Amma ta san inda yake. Ta bi bugun gangar da yatsa a kan teburin shagon, da wurin ya matso ta kama hannun Paulette.

"Saurara. Yanzu."

Paulette ta runtse ido. Sai ta buɗe baki, ta dafe ƙirji.

"Wayyo! Haka yake yi in zai yi mana faɗa! Da mun ji wannan fiton sai mu ruga ƙarƙashin tebur!"

Tana dariya hawaye na zuba. Ƙahon ya shigo da faɗi, ya yi zagayensa ya fita. Ta ce a mayar. Aka mayar sau huɗu. Minti goman ya zama awa biyu, suka bi faifan nan duka, Adassa tana kama hannunta a kowane wuri, ba ta kuskure ko ɗaya ba.

A bas, kan hanyar komawa, Adassa ta juyo ta tambaye ta.

"Ya taɓa ambata na?"

Paulette ta sunkuyar da kai. "A'a, Anti. Ba zan yi miki ƙarya ba. Bai cika zancen gida ba ma sam."

"To. Ƙirjinsa fa, ya dame shi?"

"Kowane sanyi. Shi ne ma ajalinsa."

Adassa ta gyaɗa kai. Da suka sauka ta miƙa mata gwangwanin. Paulette ta ce ko ɗaya ne ta riƙe.

"In yi me da shi? Ni na ji su. Ki kai wa 'yan'uwanki."

Paulette ta yi kwana biyar a Kingston, kullum tana zuwa. Ta lura da yadda Adassa take juya kai, don haka da ta koma ta aiko mata da na'urar ƙara ji, 'yar ƙarama cikin akwati mai laushi. Adassa ta sa ta ran Lahadi ta tafi coci. Babura, karnuka, rediyon maƙwabta, mawaƙan coci da rabinsu ba sa kan murya, duk suka afko mata lokaci ɗaya. Kafin a kai huɗuba ta cire ta ta ƙulle a bakin gyale. Ta rubuta wa Paulette cewa na'urar tana aiki sosai, Allah ya saka.

Da farko Paulette takan kira wayar maƙwabciya duk Lahadi ta biyu. Hira a waya ta yi wa Adassa wuya, rabin maganar "Me kika ce?" ce. Sannu a hankali kiran ya koma katin Kirsimeti, da hoton yara a ciki.

A 2006 aka sayar da gidan Jones Town. Adassa ta sa kajinta a kwando ta koma St. Elizabeth, gidan ƙanenta da ya rasu, wanda 'ya'yansa duk suna Amerika. Waɗanda ta sani a ƙauyen sun ƙare, sai wata Mis Ionie da ke tsallaken hanya, wadda suka yi makarantar firamare tare. Ta shuka albasa da kabewa. Mutanen wurin sun san ta a matsayin tsohuwar da ta yi aiki a birni, ba wanda ya tambayi wane aiki.

Shekara biyar ta yi a nan. Wata safiyar Satumba Mis Ionie ta ga har rana ta ɗaga ba a buɗe wa kaji ba. Ta tsallaka, ta same ta zaune a kujerar baranda, kwanon wake a cinya, ta ɓare rabi. Mutum goma sha biyu suka je jana'iza, har da fasto.

Katin Paulette ya iso a watan Disamba. Mis Ionie ta karɓa daga hannun mai kawo wasiƙa, ta ajiye shi a kan kabad har bayan sabuwar shekara, don ba ta san wace ce wannan Paulette ɗin ba, ba ta kuma san ta inda za ta fara ba. Daga baya ta yagi takarda daga littafin coci, ta rubuta labarin rasuwar a layi huɗu, ta kwafi adireshin da ke bayan ambulan.